Hayaƙin Tanda da Kafson Naman Kaza: Nazarin Tarin Wata Mai Waina a Zariya

Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ta haura shekara 60, kuma fiye da 30 daga ciki a gaban tanda ta yi su. Waina da safe, ƙosai da yamma, a wata 'yar rumfar langa-langa da ke jingine da katangar gidansu a Tudun Wada. Ba ta taɓa shan taba ba, ko warinta ba ta so. Ni kuwa harhaɗa magunguna na karanta, ina da ɗan shago a Sabon Gari, saboda haka duk kwalbar da ta shigo dangi sai ta biyo ta hannuna, wata kafin a buɗe ta, wata bayan an sha rabi. Wadda zan ba da labarinta bayan an sha rabi ta iso. Na nemi izinin Gwaggo kafin in rubuta, ta ce in rubuta amma kada in kama suna.

Yadda abin ya faro

Tarin ya daɗe. Shekaru da dama tana tashi da asuba ta yi ta kakarin farin kaki kafin ƙirjin ya saki, muna cewa sanyi ne. Daga baya sai haki ya shigo: ta ɗauko bokitin ƙullu daga tsakar gida zuwa rumfa, sai ta tsaya ta dafa bango. An sha citta da zuma, an sha maganin tari na ruwa kala-kala, an sha kafson kashe ƙwayoyin cuta ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Hunturun da ya gabaci wannan labari shi ne ya fi tsanani. Hazon nan da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ya rufe Zariya, Gwaggo ta koma kwana a zaune, ta tara filo uku a bayanta.

Autanta yana karatun kimiyyar sinadaran jiki a jami'a, a Samaru, yaro ne mai son karatu da son mahaifiyarsa. Ya ci karo da takardun bincike a intanet da ke cewa wasu sinadarai na naman kaza, wanda mutanenmu suka fi sani da laimar kwaɗi, suna kare huhu daga lalacewa. A daidai lokacin wata maƙwabciya ta shiga harkar sayar da kafson Ganoderma, wani nau'in naman kaza, irin kasuwancin nan na ka-kawo-mutum-a-ba-ka-kaso. Ya tattara kuɗin aljihunsa ya sayi kwalba biyu. Bayan mako shida, Gwaggo ta daina kwana a zaune.

Ranar da ya zo shagona ba shawara ya zo nema ba. So yake in fara sayarwa.

"Yaya, gani ya kori ji. Ka je ka ga Umma da idonka. Kuma ga takardu, ba labarin 'yan talla ba ne."

Na karɓi wayar. Takardun na gaske ne, a mujallun kimiyya aka buga su. Na ce ya jawo benci, mu karanta tare, amma mu tsallake taƙaitawar da ke sama mu fara daga inda aka bayyana yadda aka yi gwajin.

Abin da takardun suka ce

Sinadarin da ake magana a kai sunansa folisakarayid, wato ƙwayoyin sikari da aka sarƙa su suka zama dogon zare. Sitacin da ke cikin shinkafa da rogo ma folisakarayid ne. Bambancin yana wurin ɗaurin. Na bangon ƙwayoyin naman kaza, wanda ake kira bita-gulukan, ɗaurinsa daban ne, kuma yawun bakinmu da ruwan hanjinmu ba su iya kwance shi. Bincikensa ya daɗe. A 1969 Goro Chihara da abokan aikinsa a Japan suka ba da rahoton wani folisakarayid daga naman kazar shitake da ya hana wani ƙari girma a jikin ɓeraye, shi ne aka sa wa suna lentinan. Japan ta amince da shi a 1985 a matsayin allurar da ake haɗawa da maganin kansar ciki. Kafin nan, a 1977, ta amince da wani mai suna PSK daga wani naman kaza da ake kira Trametes versicolor. Saboda haka duk wanda ya ce wa yaron nan zancen banza yake karantawa, shi ne bai yi karatu ba.

Ta ɓangaren huhu kuwa, sai an fahimci yadda yake lalacewa. A cikin huhun babba akwai 'yan jakunkunan iska wajen miliyan 480, bangonsu ya fi fatar albasa siranta nesa ba kusa ba, ta nan iskar oksijin ke ratsawa ta shiga jini. A cikinsu akwai ƙwayoyin tsaro da ake kira makurofej, aikinsu share ƙura da cinye ƙwayoyin cuta. Idan hayaƙi ko cuta ta yi yawa, sai su kunna wani makunni a cikinsu mai suna NF-κB, su saki sinadaran gangami irin su TNF-α da IL-6 da IL-1β. Gangamin ya kirawo wasu ƙwayoyin, niyutirofil, waɗanda makaminsu shi ne fesa wani nau'in oksijin mai zafin cin abu. Irin aikin da tsatsa ke yi wa kwanon rufi, shi wannan oksijin ke yi wa kitsen bangon jakunkunan. Jiki yana da nasa masu hana tsatsar, SOD da katales da gulutatayon, amma in abin ya fi ƙarfinsu sai bango ya fara yoyo, ruwa ya cika wurin iska. Mafi munin wannan hali shi ne ARDS, wanda likita Ashbaugh da abokansa suka fara bayyanawa a mujallar Lancet a 1967, kuma har yau yana kashe kusan huɗu cikin goma na waɗanda ya kama sosai.

To, ga yadda ake gwajin a ɓeraye. A dafa naman kaza a ruwan zafi, a tace, a zuba barasar ɗakin gwaji mai yawa har folisakarayid ɗin ya kwanta a ƙasa, a cire furotin, a wanke, a busar. Sai a yi ta ba ɓera wannan tataccen garin na wasu kwanaki. Bayan nan a ɗiga masa LPS a hanci ko a maƙogwaro, wato wani guba daga bangon bakteriya da ke tayar da kumburin huhu cikin sa'o'i. Washegari ko jibi a buɗe huhun a auna. Sakamakon yakan zo da kyau: ruwan huhu ya ragu, niyutirofil sun ragu, TNF-α da IL-6 sun sauka, MDA wanda shi ne shaidar tsatsar kitse ya sauka, SOD ya hau. Wasu takardun sun nuna an farkar da Nrf2, makunnin da ke sa ƙwayar jiki ta ƙera nata abin hana tsatsa.

Nan na tsayar da shi. Na ce ya sake karanta jerin kwanakin. Ya karanta, ya yi shiru, sannan ya ce, "Kafin a ji wa ɓeran ciwo aka ba shi."

Wannan shi ne gaɓar da ta fi komai nauyi a lamarin Gwaggo. Ɓeran matashi ne, huhunsa lafiyayye, an riga an cika shi da sinadarin, sannan aka yi masa rauni guda ɗaya na kwana ɗaya ko biyu. Gwaggo kuwa shekara 30 tana shaƙar hayaƙin icce sau biyu a yini, kuma da leda take hura wutar in iccen ya jiƙe. Jakar iskar da ta riga ta fashe ba ta sake ɗinkuwa. Takardun rigakafi suke nunawa, shi kuma yaron magani ya karanto.

Akwai kuma wani abin da 'yan talla ba sa faɗa. A 2001 wasu masu bincike biyu, Gordon Brown da Siamon Gordon, suka nuna cewa makurofej yana da wata kafa mai suna Dectin-1 da ke gane bita-gulukan. Dalilin samuwarta shi ne jiki ya gane naman gwari mai sa cuta ya yaƙe shi. Ke nan bita-gulukan, gwargwadon girmansa da narkewarsa da hanyar da ya shiga, yana iya kwantar da kumburi, yana kuma iya tayar da shi. Wanda aka haɗiya ma mafi yawansa ba ya shiga jini kai tsaye. Yana wucewa babban hanji, bakteriyar can su ruɓar da shi su fitar da 'yan gajerun sinadarai irin su asitet da furofiyonet. Wani bincike da aka yi a Lozan ta Suwizalan a 2014 ya nuna irin waɗannan sinadarai daga abinci mai harza suna rage kumburin hanyar iska, amma shi ma a ɓeraye. Ni wannan hanyar ta hanji ta fi gamsar da ni a kan zancen cewa garin yana tafiya huhu ya goge tsatsa, kuma in haka ne, wake da kuka da kuɓewa da dawa ma suna da nasu rabon.

Ya ce to ai ba zai cutar ba, abin hana tsatsa ne. Na ba shi labarin bita-karotin, sinadarin da ke sa karas ja. A kwalbar gwaji yana hana tsatsa, kowa ya sa rai zai kare huhun mashaya taba. Aka gwada shi a Finlan a kan maza mashaya 29,133, sakamakon da ya fito a 1994 ya nuna kansar huhu ta ƙaru da kashi 18 cikin 100 a wurin masu shansa. Aka yi wani a Amurka mai mutum 18,314, aka tsayar da shi a 1996 saboda ƙarin ya kai kashi 28. Akasin haka, akwai maganin NAC, shi ma mai hana tsatsa, da aka gwada a Sin a kan masu toshewar huhu 1,006 tsawon shekara guda, aka ga ya ɗan rage yawan tashin ciwon. Biyun duk sai da aka kai su ga dubban mutane ko sama da dubu kafin a san inda suka dosa. Folisakarayid na naman kaza bai yi wannan tafiyar ba a kan ciwon huhu.

Abin da ke cikin kwalbar

Sai muka juya ga kwalbar kanta. An rubuta tana ɗauke da folisakarayid mai yawa, ba a ce bita-gulukan ba, kuma wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Masu ƙera irin wannan kaya da yawa ba sa jira naman kazar ya fito. Suna shuka saiwarsa a kan dafaffiyar shinkafa ko wani hatsi, su busar, su niƙe duka har da hatsin. Sitacin hatsin kuwa a lissafi folisakarayid ne, saboda haka rubutun bai yi ƙarya ba, mai saye ne bai san abin da ya saya ba.

Gwajinsa ɗan sakandare ma ya iya. Na kwance kafso biyu a ruwan zafi, na bar shi ya huce. A wani kofin na dama ɗan garin shinkafa. Na ɗiga aidin ɗin wanke ciwo a kowanne. Na shinkafar ya koma shuɗi mai duhu nan take, kamar yadda sitaci ke yi. Na kafson ma haka, da kyar za ka bambance su. Wannan gwaji ba ya auna yawa, kuma bai ce babu naman kaza ko kaɗan a ciki ba, amma ya nuna sitaci ya samu wuri sosai.

Don ya ga nisan tafiyar, muka yi lissafi. A ce an ba ɓera miligiram 200 a kowane kilo na nauyinsa. Ƙa'idar juyawa zuwa mutum ita ce a raba da 12.3, ya zama kusan 16 a kilo. Mace mai kilo 60 za ta buƙaci wajen giram ɗaya kullum na tataccen sinadarin, ba ɗanyen gari gauraye da hatsi ba. Akwai lambar NAFDAC a jikin kwalbar, ita yaron ya fi dogara da ita. Na nuna masa cewa irin wannan lamba a kan kayan gargajiya da na ƙarin abinci magana take a kan rashin illa a fili, ba shaida ba ce cewa abin yana warkarwa.

Wani abin da ya ɗaga mini hankali: Gwaggo tana shan ƙaramin asfirin tare da maganin hawan jini, Ganoderma kuma an san yana iya rage daskarewar jini, sannan an taɓa samun rahotannin ciwon hanta a wurin masu shan garinsa. Da yamma na je gidan.

"Gwaggo, barka da yamma. Ya ƙirjin?"

"Da sauƙi, Babana. Maganin ɗan'uwanka ya karɓe ni." Sunan mahaifinta aka sa mini, ba ta taɓa kama shi ba.

Na roƙe ta ta dakata da kafson, mu je asibiti. Ta ce wanda ya samu sauƙi me zai je yi asibiti. Sai da na haɗa ta da Baba kafin ta yarda.

Abin da asibiti ya gano

An fara da abin da ya kamata a fara da shi tun shekarun baya. Duk tarin da ya kai mako biyu ana gwada shi don tarin tibi, gwajin kaki na GeneXpert kyauta ne, kuma mu a Zariya ba mu da uzuri tunda cibiyar horo ta ƙasa kan tibi da kuturta tana nan Saye. Babu tibi. Gwajin hanta ya fito lafiya, na yi hamdala. Daga nan aka tura mu asibitin koyarwa na Shika, aka yi hoton ƙirji da gwajin hura iska. Ana ba mutum bututu ya ja numfashi ya fesa da iyakar ƙarfinsa, na'ura ta auna nawa ne ya fita a daƙiƙar farko daga cikin dukan abin da ya fitar. In rabon ya gaza 0.7 ko bayan an shaƙi maganin buɗe hanyar iska, hanyar ta toshe toshewar da ba ta komawa. Na Gwaggo ya gaza. Likita ya ce COPD ce, daɗaɗɗiyar toshewar huhu.

Ta ce ita da ba ta shan taba. Ya tambaye ta da me take girki, ta ce icce, ya ce ita ce tabar. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta mutum sama da biliyan 2 ne ke girki da icce, gawayi, kara da makamantansu, kuma hayaƙin cikin gida yana kashe kusan miliyan 3 a shekara, mata da yara a gaba. Aka rubuta mata inhela biyu, wato abin fesa magani a baki a shaƙa zuwa huhu, ɗaya ta kullum, ɗaya ta lokacin da numfashi ya sarƙe.

Saura tambayar da auta ya riƙe: in kafson bai yi komai ba, me ya ba ta sauƙi? Muka zauna da kalanda. Ta fara sha ne a ƙarshen Fabrairu, daidai lokacin da hazo ke janyewa. A makonnin nan kuma, saboda jikin ya ƙi, matar babban ɗanta ce ta karɓi suyar yamma, Gwaggo ta koma karɓar kuɗi daga bakin zaure. Ƙura ta ragu, hayaƙi ya ragu da rabi, kafso ya shigo a tsakiya ya kwashe ladan. Ko a shekarun baya ma in ka tambaye ta, da bazara ƙirjin yake sakinta. Yaron bai ji daɗi ba, amma bai yi gardama ba.

Gyaran rumfa da wata sabuwar matsala

Kuɗin da za a sa a kwalba ta uku aka sa a rumfa. Aka ɗaga rufin, aka cire langa-langar gefe biyu iska ta riƙa ratsawa, aka hana hura wuta da leda, aka koma sayen icce da wuri don ya bushe. Ƙosai ya koma kan gas. Waina kuwa Gwaggo ta kafe, ta ce wainar gas ba ta da ƙamshi kuma masu saye za su gane. Muka sasanta a kan gawayi, a fili, ita kuma ta zauna ta inda iska ke fitowa. Gawayi ma yana da nasa sharrin, musamman a ɗaki rufe, amma ya fi ɗanyen icce sauƙi a rumfa buɗaɗɗiya. Inhelar ma sai da na yi mako ina zuwa, don tana fesawa a baki ta haɗiye, ba ta ja zuwa ƙirji.

Ina murna an gama, sai auta ya ɓullo da wata. Tunda kafson hatsi ne, shi zai noma naman kazar da kansa, irin Pleurotus da ake shukawa a ledojin garin katako. Dabarar ba ta da laifi, abinci ne mai furotin da harza. Laifin wurin da ya zaɓa ne: ɗakin ajiya da ke manne da na Gwaggo, taga ɗaya tsakaninsu. Pleurotus in ya buɗe yana zubar da ƙurar iri mai yawan gaske, kuma akwai ciwon da likitoci suka sani a wurin masu aikin gonar naman kaza, inda shaƙar wannan ƙura ke kumbura jakunkunan iska, ya kawo zazzaɓi da tari da haki 'yan sa'o'i bayan an shiga ɗakin. Abin da aka kawo don huhu ya kusa zama sabon hayaƙi. Aka mayar da ledojin bayan gida ƙarƙashin wata rumfar kara, yana shiga da takunkumi, yana cirewa tun kafin laimar ta baje. Na kuma ja masa kunne kada ya kuskura ya tsinto na daji da damina, don akwai masu kama da na ci da ke lalata hanta, ganinsu da ido ba ya isa.

Gwaggo ta fara da cewa ita ba ta cin laimar kwaɗi. Surukarta ta yanka shi ƙanana ta soya da albasa da attaruhu ta zuba a miyar taushe, ba ta faɗa mata ba sai da kwanon ya ƙare. Yanzu sau ɗaya ko biyu a mako ana sa shi, dafaffe sosai, kuma a gidan ba mai kiransa magani.

Hunturun da ya biyo baya ta yi tari, kakin asuba yana nan, sau ɗaya ma sai da aka koma asibiti aka ƙara mata magani na kwana biyar. Amma filo ɗaya take kwana da shi, kuma tana kai bokitin ƙullu rumfa ba tare da ta dafa bango ba. Ranakun da hazo ya yi kauri tana ɗaura takunkumi ta bar wa surukarta tanda. Auta ya kai wa malaminsa shawarar ya yi aikinsa na shekarar ƙarshe a kan auna sitaci da bita-gulukan a kafsoshin da ake sayarwa a kasuwannin Sabon Gari da Tudun Wada. Rabin kwalbar Gwaggo tana nan a durowar shagona, ya ce in ajiye masa, ita ce samfurinsa na farko.